Inci Shida

Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. A-Hankali kowa ke kiransa, tun daga likitoci har masu shara, kuma asibiti ne ya laƙaba masa sunan. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tura gadon marasa lafiya, daga ɗakin gaggawa zuwa ɗakin hoto, daga can zuwa tiyata, daga tiyata zuwa ɗakin kwanciya, wani lokaci kuma zuwa ɗakin nan na ƙarshen baranda da ba a son ambata. Duk kwanar da zai sha sai ya ce “a hankali”, ko da shi kaɗai ne a barandar, ko da babu kowa a kan gadon. Har ya bar aiki ba a gano da wa yake ba, da gadon ne, da bangon, ko da kansa.

Ba wani babban aiki ba ne a idon jama'a, shi ma bai taɓa cika baki a kansa ba. Amma duk wanda aka taɓa turawa da ɗanyen ɗinki a ciki ya san hannu ya fi hannu. Akwai mai tura ka kamar buhun siminti, akwai kuma A-Hankali, wanda ya haddace kowane tudu da kowace tsaga a daɓen asibitin. Ya san ƙofar ɗakin hoto sai da baya ake shigarta. Ya san dokin ƙofar ɗakin yara, wanda bai fi kaurin yatsa ba, yana iya sa mai karaya ihu. Bokonsa bai yi nisa ba, amma in ka faɗa masa faɗin ƙofa, kafin ka rufe baki ya gaya maka abin da zai shige ta da abin da zai maƙale.

Matarsa tela ce, kuma Tela yake ce mata tun ranar da suka haɗu. Ya kai mata wandon aikinsa ne da ya yage a gwiwa, ta ɗaga shi sama ta juya, ta tambaye shi ko wanda ya yanka masa wandon nan yana da wata jiƙaƙƙiya da shi ne. Shi mutum ne mai nauyin baki, ita kuwa harshenta ya fi almakashinta kaifi, sai Allah ya haɗa jininsu. Tef ɗin awo ba ya barin wuyanta. Da ido take auna mutum tun daga ƙofa, in ta ɗora tef ɗin kuma ba ta cika kuskure da fiye da rabin inci ba. Suka yi aure, suka haifi mace ɗaya da maza biyu, duk a ɗaki biyu na haya, keken ɗinkinta yana gefen taga yana ƙara tun safe.

Fili kuwa sun mallake shi tun babbar 'yarsu tana rarrafe. Shekara da shekaru ba abin da ke cikinsa sai ginshiƙi huɗu na iyaka da ciyawa. Duk shekara sai su je su nome ciyawar, Tela ta tsaya a tsakiya ta riƙe ƙugu tana rabon ɗakuna da baki: nan kicin, nan ɗakin ɗinki, nan inda tsohon zai riƙa kwanciya yana damun mutane da minshari. Suka ajiye magana a kan cewa da ya yi ritaya za a sa harsashi. 'Yar ta girma ta zama malamar makaranta, har iyayen ma suka koma kiranta Malama, mazan kuma aiki ya kai su nesa.

Wata takwas da ritayarsa, motar da Tela ta hau daga kasuwar yadi ta ƙwace wa direba ta faɗa rami. Aka kawo ta asibitin da ya yi wa bauta. Masu tura gado na yanzu, da suka ga ko wace ce, suka ja gefe ba tare da an ce musu komai ba, shi ya tura ta zuwa ɗakin hoto, ya shiga da baya kamar kullum. Tun a hanya ya ga yadda ƙafafunta suka kwanta a kan gadon, kowace ta faɗi gefenta. Ya tura irinsu ba adadi, ya kuma san yadda suke fita daga asibitin.

Bayan kwana tara likitan ƙashi ya jawo shi baranda, suka jingina da bangon ɗakin mata. Likitan ya san ba a yi wa A-Hankali kwana-kwana, don haka ya faɗa masa kai tsaye cewa lakar ta tsinke, hannuwa lafiya lau, kai lafiya lau, amma tafiya kam sai dai wani ikon Allah. Ya yi godiya, ya je famfo ya wanke fuska, ya koma ciki. Tela ta tambaye shi me likita ya ce. Mutumin da bai iya ƙarya ba ko a cinikin tumatir ya buɗe baki ya ce:

“Da ƙafarki za ki shiga gidan nan namu, Tela. Ni na gaya miki.”

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce Allah ya sa.

Daga ranar maganar nan ta zama doka a gidan. Aka sayo kujera mai taya, amma ba wanda ya taɓa kiranta da sunan da mutanen waje ke kiranta. “Kujerar nan” ake cewa, kuma kullum da “kafin ki miƙe” a gaba ko a baya. Malama ta san gaskiya, don uban ya gaya mata, ya kuma sa ta yi alkawarin kama bakinta. Kowace safiya sai ya durƙusa ya lanƙwasa wa Tela ƙafafu ya miƙe su sau ashirin-ashirin, yana tambayar ko ta ji wani abu. Wata rana ta ce kamar ta ji, wata rana ta ce bari dai sai gobe.

Gidan hayar kuwa ba a gina shi don kujera ba. Ƙofar ɗaki tana shiga da ƙyar, tana kankare fenti hagu da dama. Ta banɗaki ba ta shiga sam, sai ya ɗauki Tela cak ya kai ta, ya bar ƙofar a buɗe ya tsaya a bakinta ya juya baya, ko da za ta zame. Kicin yana da tudu a ƙofa, shekara biyu ba ta leƙa shi ba, sai dai ta zauna a falo tana ba shi umarni da murya, tana jin yadda yake ƙona mata tukwane. An mayar mata da keken ɗinkin na hannu, tana ɗan taɓa aiki. Amma macen da a da ba ta iya zama minti biyar, yanzu ko ruwa za ta sha sai ta kira wani. Bai taɓa gajiya da ita ba, wannan kowa ya shaida. Abin da bai lura da shi ba shi ne ita ta gaji da kiran.

Da yaran suka haɗa kai suka ce lokacin gini ya yi, Malama ta kawo mai zanen gidaje, wani mutum mai sanƙo da tabarau, mai haƙurin sauraro. Ya zauna a falonsu da littafinsa, kowa ya faɗi son ransa. Mazan ta waya suka ce lallai a yi falo babba da ɗakin baƙi. Malama ta ce a ɗaga gidan sama saboda ruwa, a sa matakala uku a gaba, ya fi kwarjini. Mai zane ya rubuta duka, sannan ya saci kallon kujerar, ya gyara tabarau, ya tambaya cikin ladabi ko akwai wata buƙata ta musamman da ya kamata ya sani.

Malama ta dubi ubanta. Uban ya dubi ƙasa, ya ce babu, ai kafin a gama gini mai ɗakin ta miƙe. Tela tana gefe tana zura zare a allura, ba ta ko ɗaga kai ba.

Bayan mako biyu zane ya iso, kuma gaskiya ya yi kyau. Ga matakala uku, ga falo mai faɗi, ga wani siririn korido da ya ratsa gidan ya yi kwana ya nufi ɗakin iyaye, banɗaki a ƙarshensa. Kicin an sauke shi taku ɗaya ƙasa don kada ruwan wanke-wanke ya shigo ɗakuna. Mai zane yana bi da bakin biro yana karanto awo: korido ƙafa uku, ƙofofin ɗakuna ƙafa biyu da rabi, ta banɗaki ƙafa biyu da inci uku. Kowace lamba ya faɗa sai A-Hankali ya ji ta a kafaɗunsa. Tun kafin a kai ƙarshen takardar ya riga ya tura kujerar cikin gidan a ransa, ya ga inda za ta tsaya cak. Gidan da suka yi shekara talatin suna jira zai fi na hayar matsi, kuma wannan karon da bulo da siminti, ba mai cewa a tashi a sake wani. Aka tambaye shi ra'ayinsa, ya ce ya yi kyau, Allah ya sa albarka.

To, ya zai yi? In ya ce a faɗaɗa ƙofa, ya gaya wa Tela ke nan cewa ba za ta tashi ba, kuma shekara biyu yana yi mata ƙarya a durƙushe. In ya yi shiru, ya gina mata kurkuku da hannunsa. Abin ya tsaya masa a rai, abinci ya daina shiga, har wandonsa ya fara zamewa. Tela ta auna shi da ido ta ce ya rage inci biyu a ƙugu, ya ce zafi ne.

Sau ɗaya ya yi ta maza. Ya sa rigarsa mai kyau ya tafi ofishin mai zane, wani ɗan ɗaki a saman shagon fenti, cike da naɗaɗɗun takardu. Aka ba shi kujera, aka ba shi ruwa, ya yi gaisuwa har sau uku. Mai zane ya ajiye biro yana jira. Sai A-Hankali ya tuna cewa duk gyaran da aka yi sai an kai wa Tela takardar ta gani, ita kuwa ba a ɓoye mata inci. Ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya ce dama tagar falo ce yake so a ɗan ƙara mata girma. Mai zane ya dube shi ta saman tabarau, ya ce wannan mai sauƙi ne, Baba, ko akwai wani abu kuma? Ya ce babu. Ya sauko yana zagin kansa tun daga bene har bakin titi.

Ranar da magini zai fitar da gidan a ƙasa, Tela ta ce da ita za a je. Ya kawo uzurin rana, ya kawo na ƙura da gargadar hanya, ta ce ta ji, a ɗauko mata mayafinta. Suka isa da hantsi, su uku da Malama. An share filin tas. Magini da mutanensa sun kafa turaku sun ja igiya, sun bi ta da farar ƙasa, ga gida nan kwance a ƙasa da fararen layuka, kowane ɗaki da girmansa na gaskiya, an bar giɓi a duk inda ƙofa za ta zauna. Gobe da safe za a fara haƙa. Mai zane ma yana nan da takardarsa a hammata.

“Baban Malama,” in ji Tela, “shigar da ni gidana. Ta ƙofar gaba, kamar mutuniyar kirki. Kada ka taka mini bango.”

Ya kama hannayen kujerar. A bakin ƙofa ta tambayi layukan nan uku na mene ne, Malama ta ce matakala ce, Inna. Tela ta ce to, a ɗauka sun yi tsalle. Suka ratsa falo lafiya, suka shiga korido, tayoyin suna tafiya dab da layi hagu da dama. Da suka iso kwanar sai ya rage tafiya, bakinsa ya ce “a hankali” ba da saninsa ba. Ya karkata, tayar gaba ta hau farar ƙasa. Ya ja baya ya sake kusurwa, matakin ƙafarta ya ture igiya. Ya juya ya gwada da baya, irin shigar ɗakin hoto, tayar hagu ta murje layin ta bar farin sawu. Duk gwanintar shekara talatin da ɗaya ya zuba a kwanar nan, gumi yana bin bayansa, masu aiki sun daina abin da suke yi suna kallo. A karo na huɗu ya tsaya.

Tela ta zare tef daga wuyanta. Ba ta auna komai ba, riƙe shi kawai ta yi. Ta ce kujerar nan inci ashirin da shida ce daga taya zuwa taya, in ta ɗora hannuwanta ta zama talatin. Ƙofar ɗaki talatin ce a takarda, in an sa katako ta koma ashirin da takwas. Ta banɗaki kuwa ba ma sai an yi maganarta ba. Ta ce ta auna tun ranar da aka kawo zanen, lokacin da ya fita sayen kalanzir.

“Kai da ka ƙare rayuwarka kana tura mutane, ba ka gani ba?”

“Na gani,” ya ce.

“To me ya hana ka magana?”

Ya buɗe baki zai ce ai kafin a gama, ta ɗaga masa hannu.

“Bari, don Allah. Ka san kowace ƙofa ta asibitin nan, amma ka manta da taga. Inda kuka tsaya kai da likita, gadona yana bayan bangon, gilashin a buɗe. Na ji komai, har godiyar da ka yi masa na ji.”

Malama ta toshe baki da gefen mayafi. Shi kuwa ya zagayo gaban kujerar ya durƙusa, yadda ya saba yi kowace safiya, ya tambaye ta don me ta bar shi shekara biyu yana lanƙwasa mata ƙafa yana tambayar ko ta ji. Ta ce saboda fuskar da ya shigo da ita ranar. Ta ga in ta ce ta sani, shi ne zai faɗi, kuma ba ta da ƙafar da za ta ɗaga shi. Ta yi ta jira ya gaji ya faɗa da kansa, ashe ta auri mai taurin kai. Ta ce da a kan magana ce kawai, da ta bar shi da ƙaryarsa har kabari, don ƙarya ce mai kyau. Amma gobe za a zuba mata siminti.

“Ni na daɗe da yin kukana na gama,” ta ce. “Ba tafiya nake nema ba yanzu. So nake in shiga kicin ɗina ba tare da na kira kowa ba.”

Ya kifa goshinsa a kan gwiwarta, gwiwar da ba ta jin komai, ya yi kukan da ya haɗiye tun a bakin famfon asibiti. Masu aiki suka ga ya dace su je duba wani turke a can ƙarshen fili. Abin mamaki, ba baƙin ciki ya fi yawa a kukan ba. Sauƙi ya ji, irin wanda mutum ke ji in ya sauke kayan da ya manta yana ɗauke da su. Tela ta bar shi ya yi mai isarsa, sannan ta dafa kansa ta ce ya isa haka, ya tashi, rana tana yi, kuma yana jiƙa mata zani.

Ya miƙe ya share fuska, ya dubi fararen layukan, sai ga wani mutum daban. Wanda ya kasa haɗa jimla ɗaya a ofis, yanzu magana ke zuba daga bakinsa. Ya sa ƙafa ya goge koridon gaba ɗaya, ya ce ba a kai mara ƙafa lungu, ɗakinsu ya buɗe kai tsaye cikin falo. Kowace ƙofa ta zama ƙafa uku cif, wato na ɗakuna a ƙara musu inci shida, kuma kada a sa doki ko na kaurin farce. Kicin a ɗago shi daidai da sauran gidan, in ruwa ake tsoro a karkata daɓen kaɗan zuwa magudana. Matakala ta tafi, a yi gangara, kuma ba irin ta bayan ɗakin maganin asibiti ba da ke neman ran mai turawa: duk tashin inci ɗaya a ba shi tsawon ƙafa ɗaya, a sa ƙarfen riƙewa. Ya kama kujerar ya juya ta a wuri ɗaya, tayoyin suka zana da'ira a ƙasa, ya ce wa magini ya auna wannan. Ƙafa biyar ta fito. Ya ce to duk ɗakin da wannan da'irar ba ta shiga ba, ba ɗakin Tela ba ne.

Mai zane bai ji haushi ba ko kaɗan. Ya shimfiɗa takardarsa a kan bulo yana ja yana gogewa, ya ce tun ranar farko abin yake cinsa, amma ba a shiga tsakanin mutum da fatansa. Ya ce sai dai fa fili ba ya miƙewa, inci shidan nan da da'irar nan dole su ci wani wuri. Malama, ido jawur tana dariya, ta ce su ci ɗakin baƙi, in 'yan'uwanta sun zo su kwana a falo, ai a tabarma aka raine su. Matakalarta mai kwarjini ma ta yafe.

Tela ta karɓi ragamar kicin. Ta sa aka auna daga ƙasa zuwa gwiwarta, daga gwiwa zuwa gwiwar hannu, ta ce teburin girki ya tsaya nan, a bar ƙarƙashinsa fayau don ƙafafunta su shige. Famfo a gefe, ba a can ƙurya ba. Ɗakin ɗinki ya dawo gaba, tagarsa ƙasa-ƙasa tana kallon titi, don ta ga mai zuwa ta auna shi kafin ya yi sallama.

A kan abu ɗaya kawai suka yi faɗa. Ta ce a sa wa ƙofar banɗaki sakata ta ciki, daidai inda hannunta zai kai. Ya ce sam, ya ga abin da sakata ta jawo a asibiti, in ta zame a ciki fa? Ta ce in ta zame ta yi ihu, ai bakinta bai shanye ba. Ya ce a sa labule. Ta yi masa wani kallo da ya sa magini ya sunkuyar da kai. Mai zane ne ya raba su: ƙofar ta buɗe waje, a sa ƙarfen riƙewa a bango, sakatar kuma irin wadda ake iya buɗewa ta waje in ta kama dole. A-Hankali ya amince da ƙyar, yana gunaguni. Aka ɗaga haƙa da kwana huɗu don a sake zane.

Lanƙwasa ƙafa ta safe ba su daina ba, don likita ya ce tana da amfani ko ba tafiya. Tambayar ce kawai ta faɗi. A madadinta sai hira, wani lokaci har da gulmar maƙwabta, kuma wandonsa ya koma zama a ƙugu.

Wata goma sha ɗaya ginin ya ci. Ranar da suka tare, da safe, motar kaya tana waje, ya tura ta har gindin gangarar ya gyara tsayuwa zai hau da ita. Ta ce ya sake ta. Ya ce gangarar sabuwa ce, bari dai yau kaɗai. Ta ce, “Sake ni, Baban Malama.”

Ya cire hannunsa. Ta kama tayoyin da hannuwan nan da suka shekara arba'in suna jan yadi, ta tura. Kujerar ta hau, ta ɗan tsaya a tsakiya, ya yi taku ɗaya ya dake, ta sake turawa ta kai sama. Ya ce “a hankali”, amma ko waiwaye ba ta yi ba. Ta shige ƙofar gaba da sarari hagu da dama, ya bi ta a baya kamar baƙo. Ta ratsa falo ta shiga kicin, ta buɗe famfo ta rufe, ta ja aljihun tebur ta mayar, ta juya a tsakiyar ɗakin sau ɗaya, sannan ta ƙara na biyu don jin daɗi kawai. Daga nan ta nufi ɗakinsu, ta jawo ƙofar banɗaki, ta shiga ta ja ta a bayanta.

Ya ji ƙarar sakata.

Ƙafafunsa sun riga sun kai shi bakin ƙofar, har ya juya baya yadda ya saba. Ya tsaya nan yana kallon hannuwansa, ya rasa inda zai ajiye su. Malama ta shigo da kwali a ka, ta tambaye shi ina Inna.

“Tana ciki,” ya ce. “Ta kulle.”

Sai murya ta fito ta bayan ƙofar, tana tambaya ko har yanzu mutumin nan yana tsaye a wurin. Malama ta ce yana nan, Inna. Tela ta ce a gaya masa ya je ya sauke kaya, in tana buƙatarsa za ta kira.

Ya fita ya kama sauke kujeru, kunnensa yana cikin gida. Har aka kwashe motar tas ba ta kira ba.